Angon Gidan Hajiya Zali

Wata uku aka ce. Lokacin da Ma'aruf ya auri Sakinatu, gidan da ya kama haya a unguwar Kudai ta Makka bai gama shan fenti ba, sai uwar amarya, Hajiya Zali, ta ce su zauna a saman benenta na unguwar Zahir kafin warin ya fita. Bana shekara talatin da ɗaya ke nan. Gidan Kudai ɗin ma tuni aka rushe shi aka dasa otal a gurbinsa, amma har gobe in ka tambayi Ma'aruf inda yake zaune, sai ya gyara murya ya ce, "A Zahir, na ɗan lokaci."

Haifaffen Makka ne, kamar ubansa. Kakansa ne ya taso daga ƙasar Haɗejia da ƙafa, ya yi shekara bakwai a hanya, da ya iso ya ajiye sandarsa ya ce shi kam ya gama tafiya a duniya. Ga alama halin nan Ma'aruf ya gada, inda ya sauka nan ya sauka. Ya yi shekara ashirin yana tuƙa bas ɗin alhazai tsakanin Kudai da Harami, lokacin aikin Hajji kuma Arfa da Muzdalifa da Mina, har gwiwa ta soma yi masa gardama, aka ba shi kujera da takarda a tasha yana sallamar motoci. Dogo ne, mai tumbi daidai misali, yakan fara magana da Larabci, in ransa ya ɓaci ya ƙarasa da Hausa.

A watan farko an yi surukuta yadda aka gaje ta daga gida. Yana jin takun Hajiya sai ya sunkuyar da kai, ita kuma ba ta kama sunansa, sai dai "yaron nan". A wata na biyu tankin saman bene ya ɓalle da tsakar rana, Hajiya ta ga ruwa na gangarowa kan matakala ya nufi buhunan shinkafarta, sai ta ƙwala kira: "Kai Ma'arufu!" Daga ranar kunya ta bi ruwan nan ta fita titi, ba a sake ganin ta ba. Tukunyar gas ta ƙare, kai Ma'arufu. Ƙwan fitila ya mutu, kai Ma'arufu. Na'urar sanyi tana tari, mai burodin tamis ya rage girman burodi, kyanwar maƙwabta ta haihu a bayan tanki, duk kai Ma'arufu.

Sai kuma Alhamis. Tun da ƙafafun Hajiya suka ƙi, shekara goma sha tara ke nan, duk Alhamis bayan asuba Ma'aruf kan naɗe kekenta ya sa a mota, ya kai ta Harami, ya tura ta su yi ɗawafi a bene. Ita tana ƙirga zagaye da carbi, shi yana ƙirgawa da yatsu, kuma ba a taɓa yin Alhamis ɗin da lissafinsu ya zo ɗaya ba. Ya ce shida, ta ce biyar. Ya ce Hajiya na rantse mun wuce koriyar fitilar nan ta farkon zagaye sau shida, ta ce shi da ke kallon mutane ina ya ga fitila. A ƙarshe a bi nata, ya ƙara zagaye guda yana gumi, tana yi masa faɗan tuƙi, wai mutumin da ya tuƙa bas shekara ashirin ya kasa tuƙa tsohuwa ɗaya. Daga nan su biya a sayo dafaffen waken ful da tamis.

Duk wannan bai dame shi ba. Abin da ke damun sa bakin mutane ne, musamman bakin Bandar, ƙanin Sakinatu, wanda ke da gidansa na kansa, yakan zo ran Juma'a ya ci abinci a yi masa sannu da zuwa kamar wanda ya dawo daga yaƙi. Bandar ba ya ganin sa cikin jama'a bai tambaye shi ba ko an ba shi izinin fita yau, ko kuwa gudowa ya yi. A yi dariya, shi ma ya yi, amma ya kwana da abin. Mutum ya aurar da 'ya'ya biyu, gemu ya yi fari, a ce har yanzu a gidan surukai yake, ana kiran sa da suna tun daga ƙasan bene.

Wurin hutawarsa ɗaya ne, ɗan shagon shayi da ƙwai na Moidu da ke bakin tashar Kudai. Moidu mutumin Malabar ne, can gaɓar teku a kudancin Indiya, shekararsa ashirin da shida a Makka, Larabcinsa gajere amma ba ya ƙarewa. A bakinsa Ma'aruf ya san cewa Musulmin can Shafi'awa ne, ba sa barin ƙunuti da asuba. Cewa tsofaffin masallatansu na katako ne masu rufi kamar na gida. Cewa a layin su Moidu akwai masallaci da coci da ɗakin bautar Hindu, kuma ranar bikin kowa sai ya aika wa maƙwabci da abinci. Ma'aruf kan sha baƙin shayin da suke kira sulaimani yana gyaɗa kai, yana ɗaukar rabin labarin a matsayin ƙarin gishirin mai kewar gida.

Wata la'asar Bandar ya biyo ta shagon, ya tarar da shi, ya yi abin da ya saba. Da ya tafi, Moidu ya ajiye cokali ya tambaya, da gaske a gidan matarsa yake zaune? Ma'aruf ya ce na ɗan lokaci ne. Shekara nawa? Ya faɗa a hankali. Sai Moidu ya goge hannu, ya zagayo, ya kama hannunsa da hannu biyu kamar mai gaida limami.

Wai a garinsu, wajen Kannur, haka Musulmi da yawa ke yi tun kaka da kakanni. Miji ne ke tarewa a gidan matar. A gyara masa ɗaki na musamman, da gado da labule da madubi. Uwar matar ta tashi da sassafe ta yi masa abinci kala-kala, akwai ma wani da ake zare gwaiduwar ƙwai kamar silili a ruwan sukari, don shi kaɗai. Ba a aiken sa, ba a ɗaga masa murya, ba a kama sunansa. Puyyapla ake ce masa, wato sabon ango, kuma ango yake har ya mutu. Moidu ya ce ya san wani mai shekara tamanin, ba haƙori ko ɗaya, in ya shigo gida sai yara su ruga suna cewa ga ango nan ya dawo.

Ma'aruf ya tambaya sau biyu ko Musulmi ne masu yin haka. Moidu ya ce masu salla biyar, da alhazai, da malamai.

Ranar bai ga hanya ba har gida. Ashe ba shi ne ya yi kuskure ba, gari ya ɓata masa. Da can ya faɗo, da yanzu shi abin girmamawa ne. Ya ba Sakinatu labari, ta ce Allah Sarki, ta miƙa masa kwandon shara. Ya gwada ba Hajiya, ta saurara har ƙarshe, ta ce mutanen Indiya suna da lokaci, sannan ta tambaye shi ko ya duba famfon banɗaki. Nan ya gane maganar ba za ta shiga daga bakinsa ba. Sai an samo tsohuwa ta gaya wa tsohuwa.

Allah da ikonsa, bayan wata biyu surukar Moidu, wata dattijuwa Kunjamina, ta zo umra tare da matar Moidu ɗin. Ma'aruf ya dage sai sun zo Zahir cin abincin rana. Ya ja Moidu gefe ya roƙe shi, don Allah tsohuwar ta yi wa Hajiya bayanin yadda ake riƙe ango, dalla-dalla, kada ta bar komai, kuma in da hali ta nuna mata cewa ga wani bawan Allah shekara talatin da ɗaya ba a taɓa zare masa gwaiduwa ba.

Suka zo ran Alhamis da rana. Kunjamina 'yar ƙarama ce, cikin farar riga da farin mayafi, kunnenta jere da zinariya tun daga sama har ƙasa. Mata suka shige ɗakin Hajiya, da Arwa, autar Ma'aruf, wadda za ta yi tafinta da wayarta. Maza suka zauna a falon baƙi. Ma'aruf na cin shinkafa, kunnensa na can. Ya ji gaisuwa, ya ji dariya, ya ji an yi musu a kan ko ana zuba kwakwa a miya. Daga baya Arwa ta ce wayar ma ba ta yi wani aiki ba, tsofaffin biyu da hannu da ido suka gama fahimtar juna. Can sai dariya ta ɗauke. Shiru ya yi tsawo. Sai ya jiyo muryar Hajiya tana cewa, "To. To. To, madalla."

Washegari da safe aka ƙwanƙwasa masa ƙofa, abin da ba a taɓa yi ba a gidan. Arwa ce da faranti. Zaren gwaiduwa dai ya gagari Hajiya, saboda haka ta rama da yawa: dafaffen ƙwai, soyayyen ƙwai, wainar ƙwai, da wani abu mai zaƙi wanda shi ma da ƙwai ya fara rayuwa. Da ya sauko, Hajiya ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta dubi bango, ta ce, "An tashi lafiya, Ango?"

Kwana uku Ma'aruf yana tafiya kamar ƙasa ba ta isa ta taɓa shi ba. An canja masa labule. An sa masa turare a ɗaki. Ran Juma'a Bandar ya zo, ya buɗe baki zai fara, Hajiya ta ce ya tashi ya ba Ango kujerar kusa da na'urar sanyi, kuma ya wanke hannu ya zuba masa shayi. Bandar ya zuba. Ma'aruf ya kurɓa a hankali, ya dubi Bandar ya ce sukarin ya ɗan yi kaɗan. Shi dai a ganinsa, ko a nan aka tsaya, duniya ta biya shi.

Ba a tsaya nan ba. Ran Lahadi ya nufi kicin zai ɗebi ruwan sanyi, Sakinatu ta tare ƙofa ta ce Ango ba ya shiga kicin, ya koma a kawo masa. Tukunyar gas ta ƙare, ya ji da kunnensa lokacin da wutar ta yi fuf ta mutu, ya miƙe ya tsaya a bakin matakala yana jiran kira. Kiran bai zo ba. Waya aka yi wa Bandar, wanda ya iso bayan awa biyu, ya ɗaura tiyon a karkace. Ma'aruf na kallo daga nesa, hannunsa na ƙaiƙayi. Ran Talata aka yi taron gida a kan ko a mai da Hajiya ɗakin da ke kusa da ƙofa saboda ƙafarta. Shi da ya san wane bango ne ke tsatsar ruwa da wace taga ce rana ke dukanta da la'asar, aka aiko masa da faranti sama, aka ja ƙofa. Suka zaɓi ɗakin da ke tsatsa.

Sai Alhamis. Ya dawo daga masallaci, ya ɗauki makullin mota, ya tarar Bandar a tsakar gida yana kokawa da keken, ya kasa gane inda ake dannawa ya naɗe. Hajiya na zaune cikin shiri, carbi a hannu. Ta dubi bango ta ce ai ba a sa baƙo aiki, Ango ya hau ya huta, an kai masa kari. Ya hau. Ta taga ya ga motar Bandar ta fita da baya ta taka dakalin maƙwabta. Ya juyo, ga ƙwai kala huɗu suna kallon sa.

Sun dawo da wuri. Sakinatu ta ce ai Bandar da waya ya ƙirga ɗawafin, bakwai cif, ba musu ba gardama, bai ko bugi ƙafar kowa ba. Hajiya ta shiga ɗaki ta kwanta, ful ɗin ma ba ta ci ba.

Ya tambayi Sakinatu, wai har yaushe za a yi wannan abu? Ta ci gaba da ninke kaya, ta ce shi ya ɗauko malama tun daga Indiya, ai sai ya bari a yi karatu. Da ya matsa, sai ta gaya masa abin da ya kawo shirun nan na ranar da baƙin suka zo. Kunjamina ta isar da saƙonsa kamar yadda ya bayar, har da zancen gwaiduwa. Hajiya ta ce, ashe shekara talatin da ɗaya baƙo ne da su a gida ba su sani ba, ita da take zaton ɗa ne.

Alhamis ta biyu ta zo ta wuce haka. Tumbinsa ya ƙaru, fuskarsa ta rame. Ya je wajen Moidu ya zauna, ya ce a ba shi komai ban da ƙwai. Ya zayyana masa duka, ya tambaye shi yadda su suke yi da wannan daraja ba ta kashe su ba.

Moidu ya daɗe yana goge kanti. Ya ce shi fa shekara talatin da aure, bai san inda ake ajiye cokali a gidan matarsa ba. Bai taɓa buɗe firjin gidan ba. Ran da surukinsa ya rasu, mutumin da yake ƙauna kamar uba, yana shiga aka shimfiɗa masa tabarma ta daban aka kawo masa shayi da kayan zaƙi, 'yan gida suna can suna kuka abinsu. Ya ce ba laifinsu ba ne, girmamawa ce, kuma akwai waɗanda abin ya yi musu daidai. Shi dai da ya zo Makka, ran farko wani direba ya daka masa tsawa ya ce kai Moidu ina shayina, sai ya ji kamar an buɗe masa taga.

"To me ya hana ka gaya mini tun farko?"

"Ɗakin ka tambaya, da abincin," in ji Moidu. "Ba ka tambayi sauran ba."

Ran Laraba da la'asar, gida na barcin rana, Ango ya sauko a kan yatsun ƙafa ya sace keken surukarsa. Ya naɗe shi da dannawa ɗaya, ya sa a bayan motarsa, ya rufe da bargo. Da ya ga tayar hagu ta yi sako-sako, ya tsaya ya ɗaure ta, yana faɗin abubuwa a kan Bandar, da Hausa.

Da safe aka nemi keke aka rasa. Bandar ya duba ƙarƙashin matakala, ya duba bayan tanki, ya fara cewa ko a bari sai wani makon. Sai ga Ma'aruf ya turo shi daga waje, ya tsayar a gaban Hajiya, ya taka birki, ya riƙe hannayen gam.

Hajiya ta dubi bango. Ta ce a gaya wa Ango an gode, amma ba a sa baƙo aiki.

Ya ce, "Hajiya, ni na gaji da ƙwai."

Ya ci gaba. Ya ce ɗakin da aka mai da ita yana tsatsa, in damina ta zo ko sau ɗaya aka yi ruwa za ta gani. Ya ce tiyon gas a karkace yake. Ya ce shi bai san komai a kan Indiya ba, ko filin jirginsu bai taɓa gani ba. Ta bar shi ya gama tsaf, sannan ta miƙa wa Sakinatu hannu aka ɗaga ta aka zaunar a keken, ba ta dube shi ba. Ya sa ta a mota, sai Harami.

Suka hau bene suka fara. Zagaye na ɗaya shiru, na biyu shiru, sai motsin carbi. Ma'aruf na turawa a hankali, yana kauce wa kowa, tuƙin da bai taɓa yi mata irinsa ba don kyau, kuma shirun na nan. A na huɗu ya fara tunanin ko shi ke nan, ango zai mutu kamar tsohon nan marar haƙori. Da suka zo daidai koriyar fitila ya sunkuya ya ce, a hankali, "Shida ke nan, Hajiya."

Ya san biyar ne. Ita ma ta san ya sani. Carbin ya tsaya.

"Kai Ma'arufu," ta ce, "a gaban Ɗakin Allah za ka cuce ni zagaye guda? Biyar ne. Kuma ka daina tafiya kamar mai tura gawa, mutane na wuce mu."

Ya ce to, Hajiya. Ya ƙara sauri, har ya kusa taɓa dugadugan wani Bature, ta ce makaho ne shi? Wani ɗan Indonesiya da ke gefensu ya ga ƙaton mutum na tura keke yana dariya hawaye na zuba, ya ɗauka tsananin tsoron Allah ne, ya dafa kafaɗarsa ya ce ya sa shi a addu'a.

A hanyar gida suka biya aka sayo ful da tamis. Ta ce in sun isa ya fara da tiyon gas, sannan ya kwashe kayanta ya mai da ita tsohon ɗakinta, labulen da aka sa masa kuma ya cire ya ninke, na baƙi ne. Ya tambaya ko turaren ma. Ta ce har turaren.

Moidu ya ji labari ya yi dariya har ya ƙona ƙwan wani. Shi kuwa Bandar ya koma tambayarsa ta izinin fita, Ma'aruf kan ce an ba shi, zuwa magariba. In baƙon direba ya tambaye shi a tasha inda yake zaune, har yanzu yakan gyara murya ya ce a Zahir. Sauran maganar ce dai ya daina ƙarawa.